Kafin a sauke giyabos, a duba waya



Duk mai bin hanyar Dambatta ko ta Bichi ya ga yadda motoci masu giya otomatik suka shigo ƙauyukanmu: Camry, Accord, Sienna, akasarinsu 'yan Kwatano. Su ke dakon gero da gyaɗa ranar kasuwa, su ke ratsa burtali da damina. Akwai wata cuta da ke kama su wadda ke cin kuɗin manomi a banza.

A jikin giyabos, inda kebul ɗin giya ke ɗaure, akwai wata 'yar na'ura da ke sanar da kwamfutar mota ko giya na kan P, R, N ko D. Idan saƙonta ya rikice, sai a murɗa makulli mota ta yi gum a P amma ta tashi a N, ko fitilar ribas ta ƙi kamawa, ko motar ta maƙale a giya ɗaya tana nishi. Nan take sai ka ji an ce giya ta mutu, a nufi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa.

Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa can tsarin OBD-II, wato soket ɗin nan na ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar bincike. A wannan matsala takan nuna lambar P0705. To, a nan nake son ku tsaya. Lambar tana nufin layin wutar gaba ɗaya, daga na'urar giyan har kwamfuta. Waya ɗaya da ɓera ya gwaigwaye ta isa ta kawo ta, kuma motar da ke kwana kusa da rumbu, da tsabar dawa a but, ai gayyatar ɓera ce. Haka ruwan kududdufi da ya shiga soket ɗin na'urar giyan ya bar tsatsa, haka kebul da rami ya sassauta.

Saboda haka a fara da batir: lafiyayye kan ba da wajen volt 12.6 idan mota na kashe. A duba fiyus, a cire soket ɗin na'urar giyan a leƙa. Sannan a jona na'urar bincike, yaro ya riƙa sauya giya a hankali, maigida na kallon allo: abin da hannu ya sa, shi allo ya nuna? Inda suka saɓa, a bi wayar da mita. A Toyota da yawa, sassauta ƙusoshin na'urar giyan da daidaita layinta a kan N kaɗai kan gama aikin. Sai duk wannan ya fita lafiya ake zargin na'urar kanta, giyabos kuwa can ƙarshe.

Masu na'urar bincike da ke goge lamba su karɓi kuɗi, ku ji tsoron Allah, domin fitilar za ta dawo kafin mai mota ya isa gida. Ku kuma masu mota, duk wanda ya ce a sauke giyabos, ku ce ya fara nuna muku wayar da ya gwada.