Girma Da Sauri Ba Shi Ne Lafiya Ba: Darasi Daga Bishiyar Bic Ta Turai



Da aka nemi in yi ɗan jawabi a wannan zama, sai na zaɓi in yi magana a kan wata bishiya wadda ba ta tsiro a ƙasarmu. Ina roƙon ku yi mini haƙuri, kafin in zauna za ku ga dalili.

Turawan Ingila suna kiranta bic, masana kuwa suna ce mata Fagus sylvatica. Doguwa ce mai sumul ɗin jiki, takan kai tsawon mita 40, kuma takan rayu shekara 300. A cikin bishiyoyi masu faɗin ganye, babu wadda ta kai ta yawa a dazuzzukan Jamus. Da katakonta ake yin kujeru da daɓen ɗaki.

To, yaya ake sanin saurin girman bishiya? Hanya biyu ce. Ta farko, kowace shekara bishiyar takan ƙara zobe guda a cikin gangar jikinta. Shekarar ni'ima zoben ya yi faɗi, shekarar fari kuwa ya tsuke. Ta biyu, a keɓe fili a daji, a dinga auna bishiyoyinsa ana rubutawa. Malaman daji na jihar Bavariya ta Jamus sun fara wannan awo tun wajen 1870, kuma na baya suka ci gaba daga inda na farko suka tsaya.

A shekarun 1980 hankalin Jamusawa ya tashi, ana ta cewa hayaƙin masana'antu zai kashe dazuzzukansu. Amma da aka buɗe littattafan awo sai aka ga abin mamaki. A 2014, Farfesa Hans Pretzsch na Jami'ar Fasaha ta Munik da abokan aikinsa suka nuna cewa saurin girman bic a filayen nan ya ƙaru da kashi 77 cikin ɗari a kan na 1960. Dalili kuwa, zafi ya ƙaru, lokacin da bishiya ke ɗauke da ganye ya tsawaita, iskar kabon ta yawaita, sa'an nan sinadarin naitirojin daga hayaƙin motoci da gonaki yana sauka a daji tamkar taki.

Sai dai Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. A 2018 waɗannan masana suka gano cewa katakon da ke girma da sauri ya rage nauyi da kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari tun daga 1900.

A kudancin Turai kuwa labarin daban ne. A duwatsun Montseny, kusa da birnin Basalona na Sifen, girman bic ɗin da ke gindin duwatsun ya ragu da kusan rabi tsakanin 1975 da 2003. Wannan bishiya ba ta jure ƙishirwa. Zafin da ya amfane ta a inda ruwa ya wadata, shi ne ya cuce ta a inda ruwa ya yi ƙaranci. Da farin 2018 ya auka wa tsakiyar Turai, sai ga bic a Jamus da Suwizalan tana zubar da ganye tun watan Agusta, wasu ma suka bushe a shekarun da suka biyo baya.

A 2022 aka fitar da binciken zobban bishiyoyi kimanin 5,800 daga wurare 324 a faɗin Turai. Ya nuna girman bic ya ragu a yawancin wurare, ban da can arewa wajen Denmak da Suwidin. Ya kuma yi hasashen raguwar kashi 20 zuwa fiye da 50 cikin ɗari kafin 2090, gwargwadon wuri da yadda zafi ya ƙaru. Wannan ba ƙaramar damuwa ba ce ga malamin daji, domin bishiyar da ya shuka yau sai bayan shekara ɗari da ɗoriya za a sare ta. In ya yi kuskuren zaɓe, jikokinsa ne za su biya.

'Yan'uwa, ga dalilin da na yi alkawari. Wanda ya duba shekara goma kawai, da ya rantse daji na mutuwa, ko kuma ya rantse ya fi da lafiya. Gaskiya ba ta fito ba sai da aka jera awon shekara fiye da ɗari. Waɗanda suka fara rubutun nan wajen 1870 ma'aikatan gwamnati ne irinmu. Yawancinmu a nan muna da wani rajista ko fayil a hannunmu. Mu cika shi da gaskiya, mu adana shi, domin ba mu san tambayar da za a yi masa bayan ba mu ba.