Waɗanda Ba a Ɗauka Aiki Ba

Karatu: Matiyu 20:1-16

Mukan ce duk wanda ya yi ƙwazo zai ci gaba. To, mu dubi 'yan ƙodagon da mai gonar inabi ya tarar da yamma lis. Ba ragwanci ya tsayar da su ba. Yini suka yi suna jira, ba wanda ya ɗauke su.

A shekarar 2024 gwamnatin Nijeriya ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Madalla. Sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ashe mai gadinmu da yarinyar da ke yi mana wanke-wanke ba sa ciki. Albashinsu a hannunmu yake, mu masu zama a bencin gaba ran Lahadi. 'Ya'yanmu suna makarantar kuɗi, ita kuwa tana gida da goyon autanmu. Yaushe za ta kamo su?

Shari'ar Musa ta hana a kwana da hakkin ɗan ƙodago. Wata nawa mai gadi yake binmu?

Gobe, in Ubangiji ya yarda, za mu buɗe Yakubu sura 5.