Kafin Damina Ta Zo: Haƙƙin Tsofaffin Gidaje a Kanmu



  

Da aka ce in yi magana a wannan taro na cikar ƙungiyarmu shekara goma, wani abokina ya tambaye ni a kan me zan yi. Na ce masa a kan tsofaffin gidaje. Sai ya yi dariya ya ce, "Kai kuwa, muna fama da rashin aiki da tsadar shinkafa, kai kana ta bangon ƙasa?" Ban ga laifinsa ba. Ni ma da haka nake gani. Amma ku ba ni ƴan mintoci in faɗa muku abin da ya sauya mini ra'ayi.

Bari in fara da nan inda muke. Da yawa daga cikinmu iyayenmu a Petit Marché suka yi kasuwanci, kasuwar da Zabarmawa ke kira Habu Ganda. A 2012 gobara ta cinye ta. Kafin nan, a 1982, babbar kasuwa ta ƙone, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. To, ina tambaya: a cikinmu wa ke da hoton rumfar mahaifinsa kafin gobarar? Wa ya rubuta sunayen masu layin kayan miya, ko na mahauta, ko yadda aka jera rumfunan? Shekaru kaɗan ne fa suka wuce, amma in yaro ya tambaye mu yadda kasuwar take, sai mu kama gardama tsakaninmu. Abin da ba a rubuta ba, haka yake salwanta, ko da masu shi suna raye.

Daga nan kuma tafiyar ƴan mintoci ce a ƙasa zuwa gidan tarihi na ƙasa, wanda muke kira mize. An kafa shi a 1959, kuma yana ɗauke da sunan Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har 1974, ya rasu a 1982. Mu yaran Yamai mun san shi da sallah, mu je mu ga zaki da dorina mu sha lemo mu dawo. Ƙalilan ne suke tsayawa su duba gidajen gargajiya na Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye da aka gina a ciki, ko itacen nan na Tenere da mota ta kaɓe a 1973 aka kawo shi nan aka ajiye. Ni kaina sai da na shiga jami'a na fara shiga da littafi da alƙalami.

Abin da ya tashe ni daga barci shi ne daminar 2024. Kun tuna ta. Ruwa ya kashe sama da mutum 300 a ƙasar nan, ya rushe gidaje masu yawa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A farkon Satumba na wannan shekara tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi. Duk mun ga bidiyon a wayoyinmu. Shekara guda kafin nan, a Agusta 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. Don haka maganar tsohon gini ba ta kallo ba ce kawai, akwai rai a ciki.

Bayan damina na bi wani abokin karatuna zuwa Damagaram. Mun ga fadar Sarki, mun zaga unguwar Birni da lungunanta. Kada mu manta, garin nan shi ne babban birnin Nijar kafin a maido da shi Yamai a 1926. Amma abin da ya tsaya mini a rai wani gida ne na dangin abokin nawa, ba zan faɗi sunan gidan ba. Zaure ne mai daurin guga, da zane a fuskar ƙofa, da zankwaye a sama. Wani dattijo ke zaune a ciki, shi kaɗai ya rage a cikin tsaransa. Ya buɗe mana wata adaka, ya fiddo littattafai rubutun hannu a cikin gafaka, na fiƙihu da na nahawu da wasu wasiƙu da ajami. Rabin na ƙasa ruwa ya manne su, gara kuma ta yi hanya a ciki. Na ɗaga kai na ga inda rufin ke yoyo daidai kan adakar. Muka fita muka duba, ashe indararo ne ya toshe da leda da ƙasa. Aikin minti goma ne da tsani. Dattijon ya ce mini, "Ɗana, ƙafata ba ta hawa tsani yanzu, yaran kuma duk suna Yamai da Kwatano." Wallahi na ji kunya, don ni ma ɗaya ne daga cikin yaran da suke Yamai.

Tun daga ranar na fara tambaya da karantawa, na gane cewa ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya. Magabata sun san haka, shi ya sa suke da tsari. Ana yin tubali da jar ƙasa da ciyawa, a yi rufi da azara ta giginya wadda gara ba ta cika ci ba, a shafe bango da makuba da ake samu daga ɗorawa, a shafe rufi da laso wanda ake haɗawa da katsi na marina. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, ana gyara yaɓe, a share indararo, a cike tsaga. A Jenne ta ƙasar Mali har yau gari guda ke fitowa a yaɓe babban masallaci a rana ɗaya. Mu kuwa abin da muka koma yi shi ne shafa siminti a kan ƙasa, mu ce mun huta. Siminti ba ya barin bango ya sha iska. Laima sai ta shige ta taru a bayansa, ƙasar ta ruɓe daga ciki ba a gani, wata rana simintin ya ɓamɓaro gaba ɗaya ya ja bangon. Ga kuma tituna da ake ɗagawa har su fi gidaje tudu, ruwa ya riƙa kwanciya a gindin bango. Daga gindi ne gini yake mutuwa.

Na kuma ga inda aka yi dabara. A Kano, Gidan Makama, wanda tarihinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yanzu gidan tarihi ne da ƴan makaranta ke shiga. Gidan Ɗan Hausa, inda Bature Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909, shi ma ana ziyartarsa. Gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, wato Mambayya, ya zama cibiyar nazari a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, gidan Sardauna a Kaduna shi ma ya zama cibiyar nazari. A nan gida, tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2013, da hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27, da fadar Sarkin Abzin, da gidan da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a 1850. A Dandaji ta jihar Tawa, da tsohon masallaci ya yi wa jama'a kaɗan, ba a rushe shi ba. An gina sabo a gefensa, aka mai da tsohon ɗakin karatu, kuma wata ƴar Nijar mai zanen gine-gine, Mariam Kamara, tana cikin waɗanda suka jagoranci aikin. Abin lura a duk waɗannan shi ne, gidan da ake shiga kullum, ake amfani da shi, shi ne yake daɗewa. Wanda aka garƙame da kwaɗo, gara da jemage ke gadonsa.

Na san akwai tambayar da wasu ƴan uwa ke riƙe da ita, gara in faɗe ta da kaina. Za a ce, wannan ba ƙofa ba ce ta girmama wurare da neman tabarruki da bango? Tambaya ce mai kyau, kuma ga malamanmu nan za su gyara mini in na yi kuskure. Abin da na fahimta shi ne, mu ba ma zuwa neman komai wurin ƙasa ko itace. Wanda ya je shafar bango don biyan buƙata, mu ne za mu fara yi masa nasiha. Muna zuwa ne don ilimi da wa'azi, kuma Alƙur'ani a wurare da dama ya kwaɗaitar da mu yin tafiya a bayan ƙasa don duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Sa'an nan abin da ke cikin adakar nan da na faɗa muku, littattafan addini ne da malamai suka kwafa da hannu. In ruwa ya ci su muna kallo, wa za a tambaya?

Akwai wata tambayar da ta fi wannan nauyi, ita ce ta gado. Yawancin gidajen nan na iyali ne. In mai gida ya rasu, magada ashirin ko talatin ke da haƙƙi, wasu marayu ne, wasu matalauta. Ba za mu ce wa mutum ya bar rabonsa don mu riƙa zuwa kallo ba, zalunci ne. Amma addininmu yana da hanya, wato waƙafi: abin da aka tsayar don Allah, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonsa. Sayyidina Umar ya yi haka da gonarsa ta Haibara, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Mai gida yana iya yin waƙafin zaure da littattafai tun yana da rai da lafiya. Magada baligai suna iya yarda a ware zauren, a raba sauran. Mai hali yana iya sayen rabon mabuƙata da farashin gaskiya ya tsayar da shi. Rabon maraya kuwa ba a taɓa shi. Duk wannan sai an zauna da malamai, an rubuta, an sa shaidu, kuma tun kafin rigima ta tashi.

To, mu me za mu yi? Ga shawarata ga ƙungiya, kuma na auna ta da ƙarfinmu.

Na farko, mu ware Asabar ɗaya a kowane wata mu kai ƙannenmu na makarantun allo da na Islamiyya mize, kowa da littafinsa, a dawo a tattauna. Daga nan mu tsara tafiya Doso, kusan kilomita 140 ne, mu ga fadar Zarmakoy. Damagaram da Agadas sai lokacin hutu, in hanya ta ba da dama.

Na biyu, duk wanda zai je garinsu hutu, ya ɗauki takarda mai tambayoyi da za mu shirya: wa ya gina gidan, wa ke zaune, wa ke da haƙƙi, ina ke yoyo, ina ya tsage, me ke cikin adaka. Ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto, kada ya wuce zaure sai an ce ya shiga, ƴan uwa mata su yi hira da tsofaffin mata don su ne suka fi riƙe nasaba. A naɗi muryar dattijai a waya. A bar wa masu gidan kwafi, don nasu ne.

Na uku, littattafai. Kada a manna musu salatif, kada a rufe su da leda mai zafi, kada a yi ƙoƙarin ɓamɓare takardun da suka manne. A ɗaga su daga ƙasa, a naɗe da farin ƙyalle mai tsabta, a ɗauki hotonsu a inuwa. A nan Yamai, cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, inda ake ajiye dubban irinsu. Mu je mu nemi su koya mana. Mu da muka yi franko-arab, wannan aikinmu ne musamman, domin muna iya karanta Larabcin, mu kuma cika takardar hukuma da Faransanci.

Na huɗu, asusu. In mutum 100 suka ba da dala ashirin-ashirin kowane wata, a shekara an tara jikka 120. Ba za ta gina fada ba, amma za ta sayi indararo da azara, ta biya magini na gargajiya kwanaki a watan Afrilu ko Mayu. Kuma duk inda maginin ya je, a haɗa shi da matasa biyu su koya, don su ma maginan tsufa suke yi, ƴaƴansu sun koma bulo.

Gidan nan na Damagaram, kafin mu taho mun ari tsani mun share indararon, mun ɗauke adakar zuwa ɗaki mai bushewa. Abin da ruwa ya ci ya riga ya ci. Dattijon ya sa mana albarka, ya ce mu dawo kafin damina. Na yi masa alkawari, kuma ba na so in koma ni kaɗai. Takardar sunaye tana wurin sakatare a bakin ƙofa, mai niyya ya rubuta sunansa da sunan garinsu.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman afuwa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa malamanmu da iyayenmu lafiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya ɗorar da wannan ƙungiya a kan alheri.