DARASI DAGA KASUWAR BALAD TA JIDDA



Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Shekarar da Allah ya nufe ni da sauke farali, kafin jirginmu ya taso, na sami yini guda a Jidda, na shiga tsohuwar unguwar nan ta bakin Bahar Maliya da ake kira Balad. Tarihi ya nuna cewa Halifa Usman ɗan Affan, Allah ya yarda da shi, ne ya mai da Jidda mashigar Makka ta teku a shekara ta 647. Tun daga lokacin jiragen ruwa ke sauke alhazai da haja a wurin. A 2014 hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya.

Na shiga ta Bab Makka, na bi kasuwar Alawi. Jama'a kamar ƙasa: Larabawa, Indiyawa, mutanen Indonisiya, har da 'yan uwanmu Takari masu ciniki da Hausa tsantsa. Ga turare, ga dabino, ga darduma, ga yadi, kowace haja a tsare. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne wani kantin kayan yaji. A can na ga soɓorodo da riɗi, irin waɗanda muke zubewa a ƙasa, an tsince su, an auna, an ƙulle cikin leda mai tsabta. Da na ji kuɗinsu, sai jikina ya yi sanyi.

Jama'a, Jidda ba ta da gulbi ko ɗaya. Ruwan shanta ma daga teku ake tace shi. Mu kuwa Allah ya ba mu madatsar Bakolori tun 1978, wadda Mafara da Bakura da Maradun ke noman rani da ita. Garinmu kansa daga kasuwar ranar Talata ya samo suna. Duk da haka, manominmu yakan sayar da albasa da tumatir a wulaƙance don tsoron kada su ruɓe, ɗansa kuma ya zauna gida don rashin kuɗin makaranta.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu uku. Na farko, a haɗa hannu da ƙaramar hukuma a gina rumfunan ajiyar albasa. Na biyu, a daidaita mudu da sikeli, domin amana ita ce jarin kasuwa. Na uku, a koya wa matasanmu gyaran amfanin gona da ƙulla shi kafin a kai shi kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya albarkaci kasuwarmu. Wassalamu alaikum.