Kifi Ne Ke Kawo Baƙo: Sumilon, Apo da Kasuwar Nutso a Ƙasar Filifin

  

Kowa a zauren nan ya san Filifin tsibirai ce fiye da 7,600, kuma ya san masu nutso daga ko'ina a duniya can suke tururuwa. Sunayen wuraren ma ɗalibanmu sun haddace: Coron, inda jiragen ruwan Japan da Amurka ta nutsar a watan Satumba na 1944 suke kwance har yau, Moalboal, inda garken kifin sardin ke zuwa dab da gaɓa, har mai tabarau da bututun numfashi ya gan su ba sai ya goya tulun iska ba, Tubbataha a tsakiyar tekun Sulu, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 1993. Ba wannan jeri ne ya kawo ni ba.

Abin da ya kawo ni tsohuwar jayayya ce tsakanina da wasu abokan aiki da jami'an hukumomin yawon buɗe ido. Su a wurinsu ma'aunin nasara shi ne yawan baƙi da yawan gadaje a otal. Sun ce a gina masauki, a yi talla, baƙo zai zo. Ni kuwa na ce mai nutso bai tsallako teku don gado ba. Kifi ya zo gani, da murjani mai rai. Kifi kuma ba ya zama sai inda masunta suka yarda da kansu su bar masa wani yanki ya hayayyafa. Hujjata tsibirai biyu ne ƙanana, ba su da nisa da juna.

Na farko Sumilon, a kudancin Cebu, ƙarƙashin ƙaramar hukumar Oslob. A 1974 Dakta Angel Alcala na Jami'ar Silliman da ke Dumaguete ya shawo kan hukumar garin aka rufe kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na duwatsun murjanin tsibirin. Ba ƙugiya, ba taru, ba tarko. Sauran kashi ukun masunta suka ci gaba da su a ciki. Alcala ya yi abin da kaɗan ne daga cikinmu ke da haƙurin yi: ya sa ana auna kamun masunta ana rubutawa, shekara bayan shekara. Haka aka tafi shekara goma. A 1984 siyasar gari ta juya, tsaro ya rushe, aka afka wa yankin da aka rufe, har da nakiya da salon sun nan da ake kira muro-ami, inda ake dukan murjani da duwatsu a koro kifi cikin taru.

Ku duba abin da ya biyo baya, domin nan ne zuciyar maganata. Hankali zai ce tunda an buɗe wa masunta duk ruwan, kamunsu zai ƙaru. Alcala da abokin bincikensa Garry Russ, ɗan Ostareliya, sun auna, suka tarar kamun tsibirin gaba ɗaya ya faɗi da kusan rabi. Wato kashi uku cikin huɗu na ruwa, muddin akwai wurin da aka keɓe a gefe, ya fi dukkan ruwan ba da kifi. Daga baya an sake rufe Sumilon, an sake buɗewa, kuma duk lokacin da aka rufe manyan kifaye sukan farfaɗo a hankali, in aka buɗe su ƙare cikin ɗan lokaci. Wanda ke da lissafin da ya fi wannan ƙarfi ya kawo mu gani.

To me ya kayar da Sumilon? Ba kimiyya ce ta gaza ba. Masunta sun ɗauki wurin a matsayin kayan jami'a, ba nasu ba. Ran da mai mulki ya sauya, babu wanda ya tashi ya kare shi.

Alcala ya ɗauki darasi. A tsibirin Apo, kudu da Dumaguete, bai fara da doka ba. Ma'aikatan jami'a sun tare a ƙauyen, suka zauna da masunta da matansu, ana ta kai-komo, har a 1982 wasu iyalai kaɗan suka yarda a keɓe kimanin kashi ɗaya cikin goma na murjanin. Su suka zaɓi wurin, su suka riƙa gadi daga bakin gaɓa, su suka kafa kwamitin da ke hukunta mai saɓawa. Amfanin bai zo da wuri ba; sai da aka kusa shekara goma kafin ƙidaya ta nuna manyan kifaye suna yawaita a wajen iyakar, inda aka halatta su. Daga nan masunci ya daina dogon tuƙi, yana samun na cefane kusa da gida. Masu nutso kuwa ba wanda ya kira su. Labarin kifi da kififiyar teku da ke kiwo a ruwa mara zurfi shi ya kawo su, kuɗinsu ya biyo baya: na kwale-kwale, na ɗan rakiya, na masauki, na mai sayar da abinci.

Sai gwamnatin tarayya ta shigo. A 1994 aka sa Apo ƙarƙashin dokar wuraren da ake karewa ta ƙasa. A takarda ɗaukaka ce. A aikace kuɗin shiga da baƙi ke biya sai ya bi ta baitulmalin ƙasa kafin kason tsibirin ya dawo, a makare, kuma muryar kwamitin ƙauye ta ragu. Sai a 2013 aka gyara doka don kashi 75 cikin ɗari ya tsaya a hannun hukumar wurin. Kusan shekara ashirin ke nan mutanen da suka yi gadi ba albashi suna jiran kuɗin da guminsu ya jawo. Guguwar 2011 da ta 2012 sun farfasa murjanin yankin da aka keɓe, wannan kuwa ba laifin kowa ba ne. Jinkirin kuɗin, aikin ɗan Adam ne.

Na san abin da za a ce: ga Oslob ɗin nan, tun 2011 masunta ke watsa ƙananan jatan lande daga kwale-kwale don tsayar da babban kifin nan da ake kira butanding, baƙi na layi tun asuba, ƙauyen Tan-awan ya samu kuɗi. Na ji. Amma an mayar da dabbar teku mabaraciya, jikinta duk tabon gogar kwale-kwale, kuma ranar da ta ƙaura ba abin da zai rage a ruwan. A Donsol ana kallon wannan kifi tun 1998 ba tare da an ba shi loma ɗaya ba. Masu ƙidayar gadaje kuma su tuna Boracay, wanda yawan otal da ƙazantar da ke kwarara cikin teku suka sa gwamnati ta rufe shi wata shida a 2018.

Mu nan wannan hikima ba baƙuwa ba ce. A Argungu, ba don ana hana su a kogin Matan Fada tsawon shekara ba, da ba a ga manyan kifayen da ke tara jama'a ranar biki ba, kuma hanin yana da ƙarfi ne don a hannun masu ruwan yake.

Shawarata ba ta sauya ba tun da na fara wannan magana. Kada a sa hannu a kan wani shiri na yawon buɗe ido a bakin ruwa sai an fara keɓe wa kifi wurinsa, kuma masunta ne za su nuna iyakar da hannunsu, ba mai zane a ofis ba. Kuɗin shiga ya tsaya a garin da aka karɓe shi, a karanta lissafinsa a bainar jama'a. A ƙayyade yawan masu shiga ruwa a rana tun kafin su yi yawa, domin bayan an saba da kuɗi ba mai yarda a rage. A haramta ciyar da dabbobin ruwa don nishaɗin baƙo. Ku kuma ɗalibai masu neman abin da za ku rubuta kundi a kai, ku sayi ma'auni da littafi, ku je mashigar da masunta ke sauke kamu, ku fara rubutawa, kuma ku bar littafin a hannun wanda zai ci gaba bayan kun gama.