Lambun Ƙarshen Damina

Jawabin da Malamin Gona ya yi wa 'yan ajin Yaƙi da Jahilci

 

Yau maganar miya na zo yi muku. Kada ku yi dariya. Gero ya nuna, dawa tana tafe, mun gode wa Allah. Amma tuwo ba ya ciwuwa sai da miya. Kowa ya san abin da kan faru in rani ya yi nisa. Ganye ya ƙare, uwargida ta koma kuka yau, kuka gobe. Maigida ya ɗebi hatsi a rumbu ya kai kasuwa don ya sayo kayan miya. Da haka rumbu ya ke ƙarewa tun ba a kai ga sabon hatsi ba.

Ba hasarar hatsi kaɗai ba ce. Yaron da ba ya samun ganye jikinsa ba ya ƙwari. Wani ma dundumi kan kama shi, watau in magariba ta yi ba ya gani sosai. Alayyafo da zogale da karas da kabewa suna da abin da ke tsare ido daga wannan ciwo.

To, maganin abin shi ne lambu, lokacin fara shi kuwa yanzu ne. Muna ƙarshen watan Agusta. Ƙasa tana da laima, sauran ruwa kamar na wata guda. Wanda ya jira sai ruwa ya ɗauke, ƙasa za ta yi tauri, aikin ya zama biyu.

Da farko ku zaɓi wuri kusa da rijiya ko bakin fadama, inda rana ke samunsa. Ba sai babba ba. Taku 10 a tsawo, taku 5 a faɗi, ya taimaki gida ƙwarai. Ku kewaye shi da ƙaya ko kara tun ba ku shuka kome ba, gama akuya ɗaya ta iya cinye aikin wata guda kafin azahar. In kun sami rassan zogale, ku kafa su a jikin shingen. Yanzu da ƙasa ke da laima za su kama.

Sa'an nan ku kafce ƙasa, ku zuba taki. Amma taki wanda ya ruɓe, ba ɗanye ba. Ɗanyen kashin kaji ya kan ƙone tsiro.

Akwai waɗanda a ke shukawa nan take, kamar alayyafo da kuɓewa. Irin alayyafo ƙanana ne, sai a gauraya shi da yashi a yayyafa. Cikin wata guda an fara yanka. Kuɓewa kuwa kamar wata biyu ta ke yi ta fara 'ya'ya. Abin da ya yi yawa a yayyanka a shanya, a adana saboda rani.

Akwai kuma na dashe, watau tumatir da albasa da tattasai. Su a kan fara yayyafa su a ɗan fangali cikin Satumba. A yi musu 'yar rumfa ta ciyawa, kada ruwa mai ƙarfi ya kwantar da su. Tumatir in ya yi mako 4 sai a dasa, albasa sai ta yi mako 6 zuwa 8. Da yamma a ke dashe, a ba su ruwa nan da nan. In sanyin hunturu ya shigo, sai ku ga sun miƙe, domin shi su ke so.

In ruwan sama ya ɗauke, sai ban ruwa safe ko yamma, ban da tsakar rana. Ruwan wanke hatsi da na alwala duk suna da amfani, amma ban da ruwan sabulu. In kun ga ƙwari, ku barbaɗa toka a ganye, ko ku daka ganyen darbejiya ku jiƙa ya kwana, ku yayyafa ruwan.

Kada wani ya raina wannan sana'a. Albasar Aliero da ta Galmi sun yi suna har ƙasashen nesa, haka kuma tumatirin Kadawa. Duk daga fangali a ke fara su. Amma ku fara cika tukunyar gida tukuna. Abin da ya saura shi ne na kasuwa.

Ga aiki na bar muku, tun da yanzu kun iya rubutu. Kowa ya rubuta a littafinsa abin da ya shuka da ranar da ya shuka shi, don ya san ranar dashe ba da ka ba. In na komo, littafin zan fara dubawa, sa'an nan mu tafi lambun tare.

Allah ya ba mu sa'a, ya sa damina ta ƙare lafiya, amin.