Iri Na Wane Ne? Jawabi Ga Manoma



Dattawa suna tuna zamanin majigi. Motar gwamnati takan zo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a dandali, a nuna yadda ake dashen auduga da feshin magani. Da kuɗin jama'a ake yin wannan aiki. Jawabin yau a kan wani fim ne da shi ma aka yi da kuɗin jama'a, amma a ƙasashen Turawa. Ba wasan kwaikwayo ba ne. Bincike ne a kan wani babban kamfanin iri na Amurka mai suna Monsanto.

Wata 'yar jarida ta ƙasar Faransa, Marie-Monique Robin, ita ce ta shirya fim ɗin. An fara nuna shi a shekarar 2008 a gidan talabijin na Arte, wanda Faransa da Jamus suke ɗaukar nauyinsa. Hukumar fina-finai ta gwamnatin Kanada ma ta sa hannu a aikin. Fim ɗin ya je wurin manoman waken suya a Amurka da manoman auduga a Indiya, ya ji ta bakinsu. Kamfanin kuwa ya ƙi yarda a yi hira da shi.

Ga abin da ya jawo rikicin. A 1996 kamfanin ya fara sayar da irin waken suya wanda maganin kashe ciyawa ba ya kashe shi. A lokacin yana da takardar mallakar wannan iri. Duk manomin da ya saya sai ya sa hannu cewa ba zai ajiye iri don baɗi ba. Kowace damina sai ya koma ya sake saya.

A 2013 maganar ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka. Wani tsohon manomi mai suna Vernon Bowman ya sayi wake a rumbun 'yan kasuwa, ya shuka, ya riƙa ajiye iri. Alƙalai tara duka suka ce ya taka haƙƙin kamfani. Aka ci shi tarar sama da dala 84,000. A 2018 kamfanin Bayer na Jamus ya saye Monsanto baki ɗaya.

To, daidai ne gwamnati ta kashe kuɗi a kan fim mai sukar kamfani? Wasu suna cewa a'a, domin kamfani ma yana biyan haraji, kuma irinsa ya rage wa manoma da yawa wahalar noma. Wannan magana abar dubawa ce.

Amma kamfani yana da kuɗin talla a rediyo da talabijin da allon bakin hanya. Ƙaramin manomi ba shi da ko ɗaya. Gidan talabijin da ke cin abinci daga talla zai ji nauyin taɓa mai ba shi talla. Idan kuɗin jama'a bai shiga ba, muryar manomi ba za ta fita ba. Sharaɗi dai shi ne a faɗi gaskiya, a kuma ba kowane ɓangare damar magana.

Maganar ba ta nesa ba ce. Burkina Faso ta karɓi audugar Monsanto a 2008, ta daina a 2016 saboda zaren ya gajarce, farashi ya faɗi. A Nijeriya kuma, a 2019 an amince da waken SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wanda ke jure tsutsar wake. A 2021 aka kafa dokar da ta ba mai ƙirƙiro sabon iri haƙƙin mallakarsa.

Saboda haka kafin manomi ya sayi sabon iri, ya tambayi malamin gona abu uku. Wa ya mallaki irin? An yarda a ajiye shi don baɗi? Idan an ajiye, zai yi yabanya kamar ta bana? Kada kuma ya zubar da geron gida da dawar gida da ya gada, ya ware musu wuri a gona da rumbu.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.